Randa da Rijiya: Mayar da Motar Haibirid Mai Shan Caji Daga Soket

(Kiɗan buɗe shiri)

Ina gaishe da mutanen cikin garin Yelwa, da na Bin Yauri da Zamare, da 'yan uwanmu na Wara da sauran ƙasar Ngaski, da na Shanga, da masuntan da ke bisa ruwa yanzu haka rediyonsu na ajiye a goshin kwalekwale. Direbobin tasha, kanikawa, masu gyaran wutar mota, yau shirin naku ne, sai ku gyara zama.

Wani dattijo ne a unguwarmu, tsohon malamin makaranta, ya tsayar da ni bayan sallar la'asar. Yana da wata tsohuwar Prius 'yar Kwatano da ɗansa ya saya masa. Ya miƙo mini waya ya ce, "Ɗana, dubi abin da yaron nan ya turo mini. Wai ana ƙara wa irin motar tawa batir, a riƙa jona ta a bango kamar wayar hannu, mutum ya huta da layin gidan mai. Gaskiya ne ko kuwa zancen intanet ne?" Na ce, "Baba, gaskiya ne, ana yi. Amma ka ba ni mako guda in zauna da biro da takarda kafin ka taɓa kuɗinka." Abin da na kai masa bayan makon nan, shi zan shimfiɗa muku yau, domin na san ba shi kaɗai ke wannan tunani ba. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da janye tallafin mai, litar fetur da muke saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Duk mai abin hawa neman mafita yake, kuma mai neman mafita shi ya fi saurin faɗawa hannun mai daɗin baki.

Kafin fiɗa sai an san dabbar. Motar da ake kira haibirid kamar garma ce da shanu biyu ke ja. Sa ɗaya injin fetur ne da muka saba da shi, ɗayan kuma injin lantarki ne mai cin abinci daga wani babban batir da ke kwance bayan kujerar baya. In za ka tashi daga tsaye, ko kana tafiyar hawainiya cikin cunkoson ranar kasuwa, na lantarkin ke ja, shi ya sa za ka ga motar ta wuce ka shiru kamar inuwa. In ka hau kwalta ka taka totur, na fetur ya karɓa. In ka taka birki, ƙarfin da a sauran motoci yake zama zafi ya tafi a banza, ita sai ta mayar da shi caji ta zuba a batir. Wannan dabara ce ta sa Prius mai lafiya take yin kilomita 18 zuwa 20 da lita ɗaya. Amma ku riƙe wannan da kyau: ba ta da wurin jona waya. Duk wutar da ke cikin batirinta asalinta daga tankin mai ta fito.

Batirin kuma bai kai girman da mutane ke zato ba. Na Prius ƙirar 2004 zuwa 2009, wadda ta fi yawa a hannun mutanenmu, gutsattsari 28 ne aka jera, kowane yana da ƙarfin bolt 7.2, jimla bolt 201 da ɗoriya. Wutar da yake ɗauka kilowat-awa 1.3 ce. Kada kalmar ta ruɗa ku, kilowat-awa ɗaya shi ne yunit ɗaya da mitar kati ke ci, wato abin da dutsen guga zai sha in ya yi awa guda yana aiki. Ko wannan yunit ɗaya da ɗan ƙarin, kwamfutar motar ba ta bari a kwashe shi duka. Ba ta yarda ya sauka ƙasa da kashi 40 cikin ɗari, ba ta yarda ya wuce kashi 80, don batirin ya yi tsawon rai. Shi ya sa da wuta zalla motar ba ta wuce kilomita ɗaya ko biyu injin fetur zai tashi. Buta ce, ba ta wuce alwala ɗaya.

To ita mai shan caji daga soket, wadda Turawa ke ce wa filogin, an cire mata butar ne an girka mata randa, aka kuma yi wa randar baki ta waje, yadda za a cika ta da wutar gida. In randar ta cika, ka yi zirga-zirgar cikin gari ba ka ƙona ɗigon mai ba. In ta ƙare, motar ta koma haibirid ɗinta ta ci gaba da tafiya.

Tarihin abin yana da daɗin ji. Kamfanin Toyota ya fito da Prius a Japan a ƙarshen 1997. A cikin shekarun 1990 ɗin nan, wani shehun malami a jami'ar Kalifoniya da ke garin Davis a Amurka, Andrew Frank, yana ta haɗa motoci masu shan caji daga soket tare da ɗalibansa, amma manyan kamfanoni ba su kula shi ba, suna cewa batir ya yi tsada, ba mai saye. A 2002 wani mutum mai suna Felix Kramer ya kafa ƙungiyar CalCars don matsa musu lamba. A 2004 injiniyan ƙungiyar, Ron Gremban, ya shigar da sabuwar Prius garejin gidansa, shi da 'yan sa-kai suka jibga mata batiran darma masu nauyin kusan kilo 130 a but, suka yi mata wurin caji. Ta yi kusan kilomita 15 da wuta zalla, matuƙar ba a yi gudu ba. Daga nan ƙananan kamfanoni suka shigo. Hymotion na ƙasar Kanada, wanda kamfanin batir na A123 ya saye a 2007, ya riƙa sayar da akwatin litiyam mai ɗaukar yunit biyar a kan kusan dala 10,000. Nufin su Kramer tun farko shi ne su nuna wa masu masana'anta cewa abin yana yiwuwa, kuma haƙarsu ta cim ma ruwa. A Disambar 2008 kamfanin BYD na ƙasar Sin ya fito da F3DM. A Disambar 2010 Chevrolet Volt ta shiga kasuwar Amurka. A 2012 Toyota da kanta ta fito da Prius mai soket, da batir mai ɗaukar yunit 4.4. Da 'yan asali suka cika kasuwa, sai sana'ar ƙara batir a gareji ta ja baya can inda aka haife ta. Mu yanzu ne tallarta ke iso mana ta waya, shekaru bayan masu ita sun wuce wurin.

A nan bari in ɗan ratse, don akwai abin alfaharinmu a cikin labarin. Wanda ya zana siffar Chevrolet Volt da aka fara nuna wa duniya a baje kolin motoci na Detroit a Janairun 2007 ɗan ƙasarmu ne, Jelani Aliyu, Basakkwace. Kafin ya tafi Amurka, a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi ya karanta zanen gine-gine, wadda yau ake kira da sunan Waziri Umaru, lokacin ma ba a yanki jihar Kebbi daga Sakkwato ba. Ya shiga kamfanin General Motors a 1994, kuma a 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar ƙasa mai kula da zane da bunƙasa ƙera motoci. Yaran da ke saurarena a makarantun Yelwa da Wara, ku ji wannan: hannun da ya zana ɗaya daga cikin motocin farko masu shan caji, a kan teburin Birnin Kebbi ya koyi jan layi. Zan dawo kansa nan gaba kaɗan, don akwai wani aiki nasa da ya shafi zancenmu kai tsaye.

(Ɗan kiɗa)

Jama'a, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan ƙara wa motar haibirid batir da wurin caji. Yaya ake aikin?

Hanya biyu ce. Ta farko, a bar batirin asali a wurinsa, a ajiye sabon akwatin litiyam a but, galibi a ramin safayar taya. Tsakanin su biyu akwai wata na'ura mai daidaita ƙarfin wuta, tana ɗibar caji daga sabon tana ɗura wa tsohon a hankali yayin tafiya. Kwamfutar motar tana ganin batirinta kullum a ƙoshe, sai ta riƙa barin injin lantarki ya yi yawancin aikin. Ta biyu ta fi zurfi: a cire batirin asali ɗungurungum, a sa babba, sannan a haɗa wata 'yar na'ura da za ta riƙa aika wa ƙwaƙwalwar motar saƙon da zai sa ta karɓi baƙon batirin. Kowace aka bi, dole a samu caja, da fiyus, da makunnin da ke yanke wuta in an yi karo, da kuma na'urar da ke gadin kowace ƙwayar batir ɗaya bayan ɗaya, kada wata ta cika ta wuce kima ko ta yi zafi. Masu sola suna kiranta bi-em-es. Duk wanda ya kawo maka akwatin litiyam babu wannan mai gadi, ka sallame shi tun daga zaure.

Ba kowace haibirid ce ke karɓar aikin ba. Irin tsarin Toyota ne ya fi dacewa, inda injin lantarki shi kaɗai yana iya juya tayoyi. Tsofaffin Honda Civic haibirid, injin lantarkinsu a manne yake da na fetur, ɗan taya aiki ne kawai, ko ka ƙara musu batir ribar kaɗan ce. Ita ma Prius ɗin tana da iyakar da aka gina ta da ita. Ƙirar 2004 ɗin nan, da zarar ka wuce kimanin kilomita 55 a awa, ko ka taka totur da ƙarfi don wuce tirela, injin fetur zai tashi ko da batirin a cike yake maƙil.

Yanzu ga lissafin da na kai wa Baba. Ku ɗauko biro.

Mota irin wannan tana yin kusan kilomita biyar da yunit ɗaya na wuta. Akwatin da ke ba da yunit huɗu zai kai ka kilomita 20 ke nan. Kilomita 20 kuwa, mun faɗa ɗazu, tafiyar lita ɗaya ce a wannan motar. Saboda haka duk caji ɗaya cikakke, abin da ya tsare maka lita ɗaya ce ta fetur. Lita ɗaya tak. Mu ƙaddara, misali kawai nake bayarwa, akwatin da kayan haɗi da ladan mai aiki sun tashi naira miliyan uku, lita kuma tana naira dubu. Sai ka yi caji sau 3,000 kafin kuɗinka ya dawo. In kullum kana yi ba fashi, Juma'a da ranar Salla duka, shekara takwas ke nan da 'yan watanni. A kan motar da ta riga ta haura shekara goma sha biyar a duniya. Kuma a wannan lissafin na ɗauka kyauta kake samun wutar.

To ba kyauta ba ce, kuma nan ne zancen ya fi nauyi. Randa ba ta haifar ruwa. Komai girmanta, sai akwai rijiyar da za a ɗebo a zuba mata. Ina rijiyarmu?

Wannan tambaya tana sosa mini rai duk lokacin da na tsaya bakin ruwa da magariba. Madatsar Kainji, da aka fara ginawa a 1964 aka kammala a 1968, an yi ta ne da ƙarfin ba da megawat 760. Don a tara ruwan da ke juya injunanta aka tashi kimanin mutum 44,000 daga garuruwansu da gungunansu. Kakanninmu na cikinsu. Gungawa sun bar tsibiran da suke noman albasa, tsohuwar Busa ta nutse, gonaki da maƙabartu sun koma ƙarƙashin tafki. Wutar da ruwan nan ke haifarwa tana bin manyan turaku ta wuce Birnin Kebbi, har ta tsallaka Yamai a Jamhuriyar Nijar. Mu da ke zaune a bakinsa, kowa ya san awa nawa yake ganin wuta a gidansa, akwai kuma ƙauyukan da ko turke ba a kafa musu ba. Haƙƙi ne da ya kamata mu ci gaba da nema ta hanyar wakilanmu da shugabanninmu, da murya ɗaya. Amma mai shirin kashe miliyoyi a kan batir, da wutar da ke zuwa gidansa yau zai yi lissafi.

A ce ma wutar tana zuwa. Don ka cika yunit huɗu sai ka ja kusan biyar daga bango, saboda caja tana cin nata. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A, masu samun awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane yunit. Biyar sau 225, naira 1,125. Kun ga ya ma ɗan haura kuɗin litar da kake gudun saye. Sauran rukunonin sun fi araha nesa ba kusa ba, sai dai su ne wutar ba ta zama musu, mota kuma tana bukatar awa huɗu ko biyar a jone kafin ta ƙoshi.

Na san abin da wani ke cewa a ransa yanzu: ai ina da janareta. Ɗan uwa, don Allah kada ka fara. Janaretan gida, in ya yi ƙoƙari, yunit biyu yake fitarwa daga lita ɗaya. Yunit biyar zai sha maka lita biyu da rabi. Ka ƙona lita biyu da rabi a tsakar gida, da hayaƙi da ƙara, don ka tsare lita ɗaya a kan hanya. Injin da ke cikin Prius ɗin ya fi janaretanka iya tattalin mai, gara ka zuba fetur ɗin a tankinta kai tsaye.

Saura rana. Ita ce rijiyar da Allah ya ba mu wadda ba ta ƙafewa. Faifan sola mai wat 400 yana ba da yunit ɗaya da rabi zuwa biyu a wuni a irin ranarmu, in ana goge masa ƙura. Uku ko huɗu za su cika akwatin mota. Matsalar ita ce lokacin da rana ke bayarwa shi ne lokacin da motar ke wurin aiki ko kasuwa. Ko dai motar ta wuni a gida, ko a kafa faifan a inda take wuni, ko ka sayi wani batirin na gida da zai tara da rana ya juye mata da dare, kuɗi kan kuɗi. Ku lura da waɗanda suka yi nisa a harkar nan a Arewa, duk ta rijiya suka fara. Hukumar da Jelani Aliyu ya shugabanta, tashar cajin mota mai aiki da hasken rana ta kafa a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato a 2021. A Maiduguri, Mustapha Gajibo da kamfaninsa Phoenix Renewables sun riƙa cire injin fetur daga ƙananan bas-bas suna sa musu na lantarki, amma sun haɗa da wurin caji na sola, motocin kuma gajeriyar hanya suke bi cikin gari, su je su dawo inda wutar take.

(Ɗan kiɗa)

Kanikawa da masu gyaran wutar mota, wannan ɓangaren naku ne, kuma da girmamawa nake faɗa, don na san basirar da ke garejin Yelwa. Batirin da kuka saba taɓawa bolt 12 ne, in ya yi tsanani ya yi tartsatsi ya ƙona sifana. Na haibirid ya haura bolt 200, a cikin inbatar motar kuma ana ɗaga shi har 500. Wannan yana kashe mutum nan take. Duk wayar da kuka gani mai launin ruwan lemo, ita ce mai ɗauke da wannan wuta. Ba a taɓa ta sai an kashe mota, an cire makulli, an zare filogin tsaro da ke jikin batir, an jira mintuna, an gwada da mita an tabbatar ba saura, hannu kuma yana cikin safar roba ta musamman mai jure bolt 1,000. Kada a bar yaron shago ya koyi wannan aiki da gwaji. A nemi horo wurin wanda ya sani, ko da za a je Kaduna ko Kano, domin motocin nan ƙaruwa za su yi, wanda ya riga koyo kuma shi zai ci kasuwar.

Sai gobara. A 2008, a jihar Karolaina ta Kudu a Amurka, wata Prius da aka yi wa irin wannan ƙari ta kama wuta tana cikin tafiya, ta ƙone. Da aka bincika, sai aka gano mahaɗar waya ce ba a ɗaure ta yadda ya kamata ba, ta saki, ta yi zafi. Noti ne fa kawai, a ƙasar da hanyoyinta suke sumul. Ku auna da girgizar hanyoyinmu na ƙauye da ramukan da damina ke bari. Wutar litiyam tana da wuyar kashewa, hayaƙinta guba ne, tana iya lafawa ta sake tashi. Wanda duk ya yi aikin, kada ya yi caji kusa da ɗakin kwana, ko rumfar kara, ko inda ake ajiye jarkokin fetur, kada kuma ya ja wuta da siririyar wayar nan ta kasuwa da ake jona fanka. In za a sa litiyam, a nemi mai haɗin ƙarfe da fosfet, irin wanda masu sola ke sayarwa yanzu, ya fi sauran jure zafi da wuyar kamawa.

Zafin ma kansa abin dubawa ne. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, ma'auni yana haura 40 a Yelwa, but ɗin motar da ta wuni a rana kuwa ya fi haka nesa. Masu ƙera batirin litiyam suna hana a yi masa caji in zafinsa ya wuce kusan 45, kuma zafi yana rage masa kwana. Shekara takwas ɗin da muka lissafa, ba lallai batirin ya gan su da ƙarfinsa ba. Ga nauyi da zai danne bayan mota, ita da ma Prius cikinta a ƙasa yake. Ga ramin safaya da aka cinye, alhali ba mai hankalin da zai kama hanyar Koko ko ta Kwantagora ba safaya. Ga ruwan damina da ke kwanciya a kwari, akwatin kuma a can ƙasan but yake.

To wa aikin zai amfana? Akwai shi, ba na hana kowa. Ma'aikacin asibiti ne ko malamin makaranta ko mai shago, wanda tafiyarsa ta wuni ba ta wuce kilomita 20, cikin gari, ba gudu. Yana da sola a gida ko a wurin aiki wadda wutarta ke yin saura da rana. Motarsa tana da sauran ƙarfi, yana da inuwar ajiye ta, ya kuma sami ƙwararren da zai yi aikin ya tsaya a kansa in ya lalace. Wannan zai iya shafe mako bai leƙa gidan mai ba. Ko shi ɗin ma, in zai sauya mota nan gaba, na fi ba shi shawarar ya nemi wadda aka ƙero da soket ɗinta daga masana'anta, don an gina mata hanyar sanyaya batir da kariya daga karo, ya kuma sa a gwada lafiyar batirin da kwamfuta kafin ya biya. Direban haya kuwa da ke jigila tsakanin Yelwa da Kwantagora, tafiyar da ta haura kilomita 100, da gudu, da lodi, abin da zai samu bai taka kara ya karya ba. Batirin zai ƙare tun bai yi nisa ba, sauran hanyar dakon nauyinsa kawai zai yi. Shi ya fi kyau ya sa ido kan shirin gwamnati na mayar da motoci masu aiki da iskar gas, ranar da tashar shan gas ɗin ta matso kusa da mu.

Mafi yawan masu haibirid a nan, ribar da suke nema tana cikin motar da ke hannunsu, kulawa kawai ta rasa. A gefen kujerar baya akwai wata 'yar taga mai raga, ta nan fanka ke zuƙo iska tana fifita batir. Ƙurar hunturu tana toshe ta, mu kuma mu jingina mata buhu ko kaya ko babbar riga. Batirin ya yi zafi, kwamfuta ta rage amfani da shi, injin fetur ya riƙa aiki ba hutu, mai mota ya ce ta fara shan mai. A buɗe a share fankar ko da sau ɗaya a shekara, bayan hunturu. A riƙa ajiye motar a inuwa. Kada a bar ta watanni a jibge ba a tayar ba. A duba iskar taya, a zuba baƙin mai marar kauri irin wanda littafinta ya ce. In jar alama mai kusurwa uku ta fito a gaban direba, a kai a sa mata kwamfuta a karanta, kada a cire kan batir don alamar ta ɓace. Sau da yawa tsatsa ce ta kama 'yan farantan tagulla da ke haɗa gutsattsarin, ko ɗaya daga cikin 28 ɗin ne ya gaza.

Da na gama karanta wa Baba takardar, ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, ashe rijiya zan fara haƙawa." Washegari muka kira mai gyaran wutar mota ya buɗe gefen kujerar, ya zaro fankar. Ƙurar da ta daskare a jikinta har da gashin akuya, don Baba yakan ɗauko dabba a baya in ya je ƙauye. Aka wanke, aka mayar. Kuɗin da ya tanada kuma ya raba biyu: ya sa faifan sola a gida, ya sayi famfon ban ruwa mai aiki da rana don gonar albasarsa ta bakin ruwa, inda injin fetur ke cinye masa fiye da abin da motar ke sha. Ya ce in faifan sun ƙaru, wuta ta yi saura, sai mu sake zama da biro a kan maganar motar.

Wannan famfon nasa shi ne zancenmu na mako mai zuwa in Allah ya kai mu: girman faifan da ya dace da kowane famfo, zurfin da yake iya jawo ruwa, da yadda manoman rani uku ko huɗu za su haɗa kuɗi su mallaki ɗaya. Masu noman albasa da shinkafa, ku sanar da juna. Mai tambaya kan shirin yau ya aiko, za mu amsa a farkon na gaba.

(Kiɗan rufe shiri)